Abin da ke Kuka a Ƙarƙashin Ɗakin Yaya

Mun bar Kano ana idar da sallar asuba, ni da maiɗakina da wani abokina da ya ara mana motarsa, ya kuma haɗa mana da kansa, don ya ce bai yarda da hannuna a kan sitiyari ba. Ku da kuka saba in na yi tafiya in dawo muku da hotunan tsire da labarin dariya, wannan karon ku yi haƙuri da ni. Kankiya muka nufa, mu ɗauko Yayata mu kawo ta asibiti a duba lafiyar kanta. Har yanzu da nake rubutawa faɗin haka yana yi mini nauyi a baki.

Yaya ita ta goya ni, ita ta yaye ni da kunu lokacin da mahaifiyarmu ta kwanta ciwo a Kusada. Ni an kawo ni Kano tun ina ƙarami, ita kuma aka kai ta aure Kankiya, can ta tsufa. Bara mijinta ya rasu, aka raba gidan gado, babban ɗanta da ke aiki a kudu ya yi ƙoƙari ya gina mata nata a wata sabuwar unguwa a gefen gari. Kowa ya sa masa albarka. To da ruwan farko na bana ya sauka, sai ta kira shi a waya ta ce masa gawa tana kuka a ƙarƙashin ɗakinta. Yaron ya rikice, ya tura wani matashin malami ya je ya yi mata ruƙiyya. Tun daga ranar ta daina ɗaukar wayarsa. Dangi suka yi ta kai-kawo a waya, wannan ya ce mutuwar mijin ce ta taɓa ta, wancan ya ce iska ce, daga ƙarshe aka jibga mini aikin, wai ni ne autanta, ba za ta ƙi ni ba.

Hanyar Katsina da damina tana da daɗin ido. Gero ya fara rufe ƙasa, gyaɗa ta yi lif, iska mai sanyi tana shigowa ta taga. Sai dai daga Dawanau har kusa da Bichi, gona ɗaya za ka gani, biyu kuma an yanka su, an dasa bulo a kusurwa huɗu, an rubuta lambar waya a jikin kwano. Wani wurin ma geron yana tsaye a cikin harsashin gini, mai gonar yana cin damanarsa ta ƙarshe. A Bichi muka tsaya shan shayi. Mai shayin ya faɗi kuɗin kofi ɗaya, abokina ya tambaye shi ko da kofin ake sayarwa. Mutumin bai yi dariya ba, mu ma muka biya muka tashi.

A Gidan Mutum Ɗaya muka sayi dafaffen ƙwan zabi, wanda shi kaɗai ya isa ya sa mutum ya so damina. Na tsaya ina ɓarewa ina kallon shaguna da rumfuna da motocin da suka cushe mararrabar, na ce wanda ya raɗa wa garin nan suna da zai dawo yau, sai ya nemi a nuna masa inda mutum ɗayan ya shige. Maiɗakina kuwa tun da muka fito take jan carbi, kuma na lura ta cusa ƙaramin littafin addu'o'i a jakarta, abin da ba ta yi ko ranar da za mu shiga jirgi.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Kankiya. Sunan unguwar da aka ba mu sabo ne, irin wanda dillalan filaye kan laƙa wa wuri don ya yi daɗin saye, kuma dattawan da muka tambaya a bakin titi ba su san shi ba. Sai wani ɗan acaɓa ya ce mu biyo shi. Muka bar kwalta, muka bi ta bayan wata tsohuwar marina da ramukanta suka cike da shara, sannan hanya ta fara gangarawa. A hankali take gangarawa, amma ba ta daina ba, har sai da muka zo gindin wata tsamiya mai karyayyen reshe. Nan abokina ya ce shi motarsa iyakarta ke nan.

Da na sa ƙafa a ƙasa na ji wani iri. Ƙasar tana da laushi, tana ɗan lotsawa ta dawo, kamar ka taka tsohuwar katifa. Ko'ina bakin leda da tsumma suna leƙowa daga cikinta. Gidajen sababbi ne, wasu ko filasta ba a yi musu ba, amma kowane bango yana da wani farin zane daidai gwiwa, ya zagaye gidan. Ƙofofin ƙarfe da yawa sun karkace, an tokare su da itace. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne awaki. Duk akuyar da na gani a unguwar nan tana tsaye ne a kan tarin bulo ko tudun yashi, babu ko ɗaya da ta kwanta a ƙasa. A jikin katangar Yaya kuma tururuwa ce ta yi layi tana hawa sama, kowace da farin ƙwai a baki.

Wani maƙwabci ya fito muka gaisa. Ya ce su baƙi ne, yawancin mutanen unguwar ma haka, rashin kwanciyar hankali ya taso su daga ƙauyukan yamma, suka sami fili mai sauƙi a nan suka gode wa Allah. Da ya ji gidan da muka zo, sai ya rage murya ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya ce matansu sun ɗan janye yara daga shiga wurinta. Na ji kunya, na ji haushi, na rasa wanda zan huce a kansa.

Yaya ta tarbe mu a tsakar gida. Ta rame, haƙoranta na gaba sun ƙarasa zubewa tun rabona da ita, amma idonta tar yake.

"Auta, kai aka turo?" in ji ta.

Na ce, "Gaisuwa muka zo, Yaya."

"Gaisuwa da mota har gindin tsamiya. To sannunku da zuwa."

Ta kawo mana ruwa da kwaɗon zogale da ya sha ƙuli, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da wanda aka haifa bayan rasuwar mijinta. Na fara cewa a raina wannan matar lafiyarta ƙalau, sai ta ce mu shiga ɗaki rana ta yi zafi. Na ɗaga labule muka shiga. Ta ɗora gadonta a kan bulo, hawa biyu-biyu a kowace ƙafa. Buhun geronta yana kan tebur. Kwanukanta, tabarmin salla, takalmanta, har murhun gawayi, duk ta rataye su a ƙusa a jikin bango. Babu komai a ƙasa sai ledar da aka shimfiɗa, don yaron bai kai ga yin simintin daɓe ba aka tare. Ɗakin yana wani wari mai sanyi, irin na randar da aka daɗe ba a wanke ba.

Muka zauna a bakin gado ƙafafunmu na reto. Ina ta juya yadda zan fara maganar asibiti, maiɗakina tana ta yaba labule. Rana tsaka ce, ana jin muryar mai tallar awara daga nesa. Sai abin ya yi.

Daga ƙasa ya fito, daidai ƙarƙashin ƙafafuna. Wani nishi ne mai kauri, gajere, kamar na jaririn da aka rufe da bargo. Ya yi shiru. Ya sake yi, wannan karon daga kusurwar ɗaki, wani kuma ya amsa masa daga wajen ƙofa. Ni mutum ne mai gardama a kan irin waɗannan abubuwa, waɗanda suka san ni sun sani, amma wallahi gashin jikina sai da ya miƙe. Maiɗakina ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga.

Yaya ta dube ni. "Ka jiya?"

Na ce, "Mene ne wannan, Yaya?"

"Gawa ce, ta hwarka." Haka dai kunnena ya ba ni. Ta gyara zama, ta ƙara da cewa, "Ba ɗaya ba ce ma. Da can da rani maza ka haƙo su nan, mu dahwa. Ga mai, ga daɗi."

Maiɗakina ta fice a guje, ba ta tsaya neman takalmi ba. Ni kuma na zauna ina kallon matar da ta goya ni, tana faɗin wannan magana hankali kwance, na ji hawaye yana neman zubo mini. Na ce mata za mu je Kusada mu gaida Kawu mu dawo, ta shirya kaya ko za ta bi mu Kano ta huta kwana biyu. Ta ce kayanta a shirye suke tun tuni. Ta ce, "Na hwaɗi sau ɗaya an kawo mani malami. Ba ni ƙarawa." Ta juya mini baya.

Muka shiga mota. Abokina, wanda ya tsaya a waje bai ji komai ba, ya so ya yi mana tsiya, ya dubi fuskokinmu ya fasa. Dalilin zuwa Kusada shi ne a gidanmu ba a ɗaukar babba a kai shi irin wannan asibiti sai an sanar da Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, wanda shi kaɗai ya rage mana a manya. Hanyar ta ratsa gonaki, mata suna tafe da ƙwaryar nono, manoma sun duƙufa a noman farko, shanu suna bin ɗan siririn burtalin da gonaki suka matse. Iska ta tsaya cak. Can gabas, ta wajen da muka dosa, sama ta fara yin baƙi daga ƙasa.

Kusada tana nan yadda na san ta, sai ƙarin 'yan acaɓa a bakin kasuwa da shagunan cajin waya. Mun sami Kawu a zaure ya sallami masu ɗaukar karatun azahar, ƙafarsa da sauran ƙasar gona. Aka kawo fura mai sanyi, wadda a wata rana da na rubuta muku shafi guda a kanta. Ranar ban ji ɗanɗanonta ba. Na kwashe labari na faɗa masa, tun daga wayar farko har gadon da ke kan bulo.

Ya ce, "Wace unguwa ce wagga?"

Na faɗi sunan. Ya girgiza kai. Na kwatanta masa marina, da gangaren, da tsamiya mai karyayyen reshe. Sai ya ajiye ludayi.

"Gindin tsamiyag ga aka yi gida? Nan ai kududduhi ne. Sadda nike karatu Kankiya, nan muka wanki. Rabin gidajen garin daga cikinai aka ɗebi ƙasassu."

Ya ce haka gari yake tun asali. Inda aka haƙi ƙasa aka yi gini, ramin da ya rage shi ke karɓar ruwan da indararon gidajen ya zubar. Unguwa ta yi girma, raminta ya yi girma. Da rani a yi tubali a bakinsa, dabbobi su sha, da damina ya haɗiye abin da zai shiga ɗakunan mutane. Sannan ya dube ni da kyau ya ce in maimaita masa abin da Yaya ta ce, yadda ta faɗa, kada in gyara. Na maimaita, har da maganar haƙowa da dafawa, ina jin kunyar fitar da ita.

Kawu ya sunkuyar da kai. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dattijon da ban taɓa ganin haƙoransa a zaure ba ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Gaiwa ta ce maka, ɗan nan! Gaiwa! Ku mutanen birni mi ya sami kunnuwanku?"

Gaiwa. Na san sunan, kamar yadda mutum kan san sunan wani dangi da bai taɓa gani ba. Kifi ne mai dogon jiki da santsi, wanda in ruwa ya ƙafe ba ya mutuwa. Sai ya nutse cikin taɓo, ya naɗe jikinsa, ya yi ta barci a busasshiyar ƙasa har ruwa ya dawo ya same shi. Kawu ya ce da rani sukan bi tsakiyar kududdufin suna bubbuga ƙasa da sanda suna kasa kunne, inda ta yi nishi nan za a haƙa. Harafi ɗaya ne tsakaninta da gawa, kuma harafin ya bi haƙoran Yaya ya tafi. Ɗanta da aka haifa a zamanin kifin gwangwani ya ji abin da ya ji, malamin da ya tura ya zo da abin da aka faɗa masa, ni kuma na taso tun daga Kano da gawa a kunnena. Maiɗakina da ke bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi. Ni daɗi ne ya rufe ni. Yayata lafiyarta ƙalau.

Dariyar Kawu ce ta fara tsayawa. Ya leƙa ta ƙofar zaure ya dubi gabas, inda baƙin nan ya riga ya cinye rabin sama.

"Tsaya. Gaiwa ba ta motsi sai ruwa ya ishe ta. In tana kuka ƙarƙashin ɗaki, to ruwa na ƙarƙashin ɗaki, ƙasar da aka cika wurin da ita ta sha ta ƙoshi. Wanga hadari in ya sauka, ina za shi? Ku tashi. Ku bar hurar nan, ku tashi!"

Ban taɓa ganin abokina ya yi tuƙi irin na ranar ba, shi da yake lallaɓa motarsa kamar ƙwai. Hadarin yana bayanmu, iska tana kwantar da gero, shanu suna gudu ba mai kora. Na kira wayar Yaya, tana shiga ba a ɗauka. Kafin mu hau kwalta ruwan ya cim mana, irin mai faɗowa gaba ɗaya, har abin share gilashi ya kasa. Da muka shiga Kankiya la'asar ce amma gari ya yi duhu kamar magariba.

Abin da na gani a garin shi ne har yau nake gani in na rufe ido. Ruwan kowane lungu, na kan kwalta, na bakin kasuwa, na indararon tsofaffin gidaje, duk ya haɗu ya nufi waje ɗaya. Ba ya watsuwa, ba ya neman hanya, ya san inda za shi. Ta bayan marina ya bi, ya kama gangaren nan da muka bi da safe, ja wur, yana ɗauke da leda da kara da takalman mutane. Muka bar motar a kan tudu, ni da abokina muka bi shi da ƙafa, muna dafa katanga.

A gindin tsamiya ya kai mana gwiwa. Mutane suna ta fitowa da yara a kafaɗa, wasu suna tare ƙofa da buhunan yashi. Gidan Yaya yana da dakali mai tsayi a bakin ɗaki, kuma da muka shiga ruwan tsakar gida bai haura shi ba. Na ce alhamdu lillahi, na ɗaga labule. Ɗakin cike yake da ruwa. Ba ta ƙofa ya shiga ba. Ledar ƙasa ta kumbura ta taso, tana motsi a hankali, baƙin ruwa yana ɓulɓulowa ta gefenta, kuma wani abu mai tsawo yana juyawa a ƙarƙashinta.

Yaya tana zaune a kan gadonta na bisa bulo, da hijabinta, da ƙullin kayanta a cinya.

"Kun jima," in ji ta.

Na ce, "Yaya, gaiwa. Kawu ya faɗa mini. Ki yafe mini."

"To da mi na ce?"

Na juya mata baya na durƙusa, ta hau. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Muna fita ta ce kada mu wuce sai mun buga wa maƙwabtan da ke jikin bangonta, masu yara ƙanana, don sun toshe ƙofa sun zauna a ciki suna zaton sun tsira. Abokina ya yi ta dukan ƙofar har mutumin da muka gaisa da shi da safe ya buɗe. Yaya ta ce masa daga bayana, "Ku hito da ɗiyan nan, ta ƙasa yake zuwa." Ya dube ta, ya waiwaya ya dubi ɗakinsa, bai yi musu ba.

A cikin gari muka kwana, gidan wata ƙawar Yaya ta tun amarci. Can ma ruwan ya shiga wasu lungunan da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin ya shiga ba, don da ya gangara ya tarar babu wuri, baya ya yi. Da safe muka koma. Ba a rasa rai ba, Allah ya tsare. Amma bangon ɗakin Yaya na gabas ya nutse ya kwanta ciki, ya danne gadon, na maƙwabtan kuma ya tsage tun daga sama har ƙasa. Unguwar ta zama tafki, rufin kwano da kan katanga suna leƙe, awaki suna tsaye a saman tarin bulo suna kallonmu. Tsamiyar tana bakin ruwa daidai, kamar zamanin da Kawu yake wanki a wurin.

A cikin abin da ya rage na ɗakin muka ga gaiwar. Ta kai tsawon hannuna, launin toka, da wasu siraran ƙafafu kamar zare, tana zagaya ƙafar gado a hankali. Ta ɗago kai sama ta shaƙi iska, ta yi ɗan nishin nan. Ko da na san ko mece ce, sai da tsigar jikina ta tashi. Abokina ya fara maganar barkono da albasa. Yaya ta ce ko kusa.

"Ita ta gaya mani gaskiya sadda ku kuka kawo mani malami. A sa ta bokiti."

Aka sa ta a bokiti, aka ɗora a bayan mota, Yaya ta ce a kai ta wani kududdufin a sake ta. Nan muka shiga wani yawon da ban shirya masa ba. Ta ce mu je na wajen masu jima, muka tarar da jerin shaguna. Ta ce akwai na bayan makaranta inda suke ɗebo ruwan wanki, muka tarar da gidan mai. Wani kuma yana nan rabi, motar shara ta ja baya tana juye kaya a bakinsa, an riga an dasa bulo a kan wanda aka cike. Duk inda muka tsaya sai ta leƙa ta taga ta daɗe tana kallo, ta ce mu tafi. Bokitin yana ta nishi a bayanmu. Sai da muka fita gari sosai, a hanyarmu ta dawowa, muka sami wani rami da masu aikin titi suka haƙa suka bari, ruwa ya taru a ciki. Da kanta ta tuntsurar da bokitin.

A wajen Tsanyawa ɗanta ya kira, wannan karon ta ɗauka. Ina jin kukansa daga inda nake zaune. Ta bar shi ya gama, ta ce masa tun ranar da ya nuna mata filin ta san wurin, amma ta ga yadda yake murna ya yi wa uwarsa gida, bakinta ya ƙi buɗuwa. Ta sa masa albarka, ta ce ya daina kuka a gaban mutane. Sannan ta ce in tsaya a saya mata ƙwan zabi, tunda mu mun ci namu ba mu rage mata ba.

Mun iso Kano bayan azahar, lafiya lau, ba ta hanyar asibiti ba. Abin da na ɗauko a tafiyar nan bai da yawa, amma ya zauna mini. Na gane ramukan nan da muke raina wa, muke toshe hanci in mun wuce su, aiki suke yi wa gari, kuma ranar da aka cike su ruwan ba ya fasa zuwa, ɗakin wani yake komawa. Na gane masu sayen irin wannan wuri yawanci ba wauta ce ta kai su ba, rashin wurin zuwa ne. Na kuma gane mun kusa kai mace mai cikakken hankali asibitin ƙwaƙwalwa don babu ɗaya a cikinmu da ya ce mata, Yaya, sake faɗa in ji.

Akwai wani kududdufi a bayan layinmu a nan Kano. Tun bara ake cike shi, kuma ina cikin waɗanda suka yi murna, saboda sauro da wari. Da muka tsaya a ƙofar gida wata tifa tana juye ƙasa a bakinsa. Yaya ta fito daga mota ta tsaya tana kallo. Ta dubi inda layinmu ya gangara, ta dubi bangon gidana daga ƙasa, ta sa diddige ta danna ƙasar ƙofar gidan sau biyu. Yara sun fito da gudu suna yi mata oyoyo, maiɗakina tana cewa a shigo da kaya, an gyara mata ɗaki.

Ta ce, "Auta, gadon nan da za ni kwana, a ɗora mani shi bisa bulo."

Ban tambaye ta dalili ba. Na je na nemo bulo, har da na ɗakinmu.